Rishon da Ya Ƙi Kamawa a Ka'akiyya

Tun da na dawo, da wuya in zauna a bakin garejinmu ban ji wani ya ce, "Alhaji Ilu, wai yaya can ɗin take?" Nakan ba su labarin teku da na cunkoson wurin jifa, su yi mamakinsu su tashi. Malam Hamisu tela ya fi kowa naci. Shi ne ya ce bai taɓa ganin alhajin da ya je Makka ya dawo da ƙarancin magana ba sai ni, alhali da can bakina ba ya hutawa. Gaskiyarsa. To ga shi na rubuta daga farko har ƙarshe, ko na huta da tambaya. Wanda ya karanta bai ji daɗi ba, shi ya nema.

Ba don aikin hajji kaɗai na tafi ba, aike ne. Yayana Sale, ɗan farin Innarmu, ya bar Haɗeja shekara goma sha ɗaya kafin tafiyata, ya je sauke farali bai dawo ba. Alhazai kan zo su ce sun gan shi yana tuƙi, shi ke nan. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari. Da idonta ya fara dushewa sai ta sayar da shanunta biyu, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ka je ka zo mini da yayanka. Ban ce ka zo da tsaraba ba."

A wannan shekarar azumi ya faɗo cikin sanyi, kuma a hanya na yi shi. Daga Maiduguri muka hau wata tsohuwar lori, mu fiye da talatin a kan buhuna, muka ƙetare zuwa Cadi. Kafin mu kai Abashe tayar baya ta fashe a cikin rairayi. Direban, wani Bashuwa mai faɗan tsiya, ya yi ta ɗaga jak, jak na nutsewa. Na kalle shi har na gaji, na sauko na ture shi gefe, na ciro murfin bodin na shimfiɗa a ƙasa, na ɗora jak a kai. Nan take mota ta tashi. Daga ranar ya mayar da ni gaba kusa da shi, fasinjoji suka koma kirana Injiniya. Ban ƙi sunan ba. Ni mutum ne mai yarda da hannunsa, kuma a lokacin ban ga laifin haka ba.

A iyakar Sudan aka tsare mu kwana tara a kan katin allura. Wanda ke da shi an ce hatiminsa bai fita ba, wanda ba shi da shi an ce ya jira likita, likita kuwa ba a san ranar zuwansa ba. Wata tsohuwa daga Damagaram, wadda ta yi ta ba ni ƙuli-ƙuli tun daga Gamboru, ta rasu a nan. Muka binne ta bayan rumfunan da aka ajiye mu, kwana biyu kafin a buɗe mana hanya.

Mutanen Sudan suna da wata ɗabi'a da ta burge ni. A bakin titi suke buɗe baki, su shimfiɗa tabarma su tare hanya, duk wanda ya zo wucewa sai sun jawo shi ya ci, har da riƙe masa riga. Mu a gida mukan ce bismilla sau ɗaya, in mutum ya ce alhamdu lillahi mu ma mu gode wa Allah. Abincin dai sai a hankali. Akwai asida, ita kamar tuwonmu ce da miyar busasshiyar kuɓewa, akwai kuma kisira, wata siririyar waina mai tsami, wadda ta yi kwana uku tana yawo da cikina. Abin da ya tsorata ni shi ne ƙauyukan Hausawa da muka yi ta tararwa a can. Na tambayi wani dattijo mai jikoki yaushe ya zauna a nan, ya ce, "Ai ba zama muka yi ba, ɗana, kan hanya muke." Kakansa ne ya taso daga Katsina da niyyar Makka. Nan take na tuna Yaya Sale.

Daga Niyala jirgin ƙasa ya ɗauke mu, ga zafin ƙarfe da rana ga sanyi da asuba, har bakin Bahar Maliya. Aka sake tsare mu, aka barbaɗe mu da wata hoda kamar buhunan wake, sannan aka zuba mu a jirgin ruwa. Abin da na sani game da teku kaɗan ne, don kaina na cikin bokiti har muka iso Jidda.

Ranar da na fara ganin Ɗakin Allah na yi kuka kamar yaro, ban kuma ji kunyar kowa ba. Masaukinmu a unguwar Misfala yake, ɗaki ɗaya mu goma sha biyu, ƙafar wani a kan wuyan wani. Ruwa saye ake yi. Masu kawo shi, garwa biyu a jikin sanda, da yawansu mutanenmu ne da suka zauna bayan hajji ba takarda. Duk wanda na tare da tambaya sai ya sunkuyar da kai ya wuce, don a can mai tambayar inda wani yake ba a ɗaukarsa mutumin kirki. Sai da wani ya nuna mini Malam Bawa, tsoho Basakkwace mai sayar da shayi a wani lungu, wanda aka ce ba Bahaushen da ke garin da bai sani ba.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wa kaka biɗa?"

"Sale, mutumin Haɗeja. Direba ne."

"Mi ya haɗa ku?"

"Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Ya zuba mini shayi, sai da na shanye ya ce, "Goshinku guda. Shina Ka'akiyya, bayan gidaje, cikin kwari. In ka ga ɗaki tsaye bisa ƙafa huɗu, nan ne."

Haka kuwa na tarar. Ɗaki ne na katako, tsawonsa bai fi kwanciyar mutum da ɗan ƙari ba, an lulluɓe cikinsa da garewanin kananzir da aka fasa aka miƙar. Wasu alhazai Turkawa ne suka zo da shi a kan motarsu suka bar shi, Yaya ya samu. Kowace kusurwa tana da jak mai hannu irin na murɗawa. In zai fita aiki sai ya murɗa su ɗakin ya tashi, ya zare motarsa daga ƙarƙashi ya tafi jigilar duwatsu. In aka ji ƙishin-ƙishin 'yan shurɗa, wato 'yan sandan can, za su zo kamen marasa takarda, sai ya mayar da motar ƙarƙashi, ya sauke ɗakin a kanta, su canza kwari. Shekara shida ke nan yana zaune haka da matarsa Zainabu, Bahaushiyar da aka haifa a Sudan, wadda ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

Ya fito ya tsaya yana kallona. Ya rame, gemunsa ya yi fari.

"Ilu? Kai ne ka yi wannan ƙaton ciki?"

"Ni ne, Yaya. Kai kuma wa ya cinye naka?"

Muka rungume juna. Bai tambayi Inna ba sai da muka ci muka sha, ya kawar da kai ya ce, "Tana nan?" Na ce tana nan, kuma ita ta aiko ni. Sati biyu ina zuwa kullum ina yi masa magana ɗaya, yana zillewa. Wani lokaci ya ce mota, wani lokaci ya ce Zainabu. Rannan bayan la'asar na fusata, na ce masa in ba zai je ba ya faɗa mini abin da zan gaya wa makauniyar da ke zaune bakin ƙofa tana jiran takunsa.

"Da me zan shiga garin, Ilu? Shekara goma sha ɗaya, in koma da riga ɗaya?"

"Ta ce ba ta son tsaraba."

Ya share fuska da hannu. "Ɗayyib, na ji. Bayan Arfa mu tafi, har da Zainabu in ta yarda. Halas, magana ta ƙare."

Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. A ƙafa na koma Misfala, ban ji nisan ba.

Kwana uku bayan haka abubuwa suka haɗu. Jak ɗin kusurwar baya ta hagu ya cije a ƙasa, ya ƙi hawa ya ƙi sauka, ɗakin ya karkace, motar ba ta iya shiga ƙarƙashi. Ga shi ana ta cewa za a share kwarin kafin alhazai su cika gari. Sannan zazzaɓi ya kayar da Yaya. Asibiti ba ya cikin lissafi, don a bakin ƙofa za a tambayi takarda. Sanyin Makka ba wani sanyi ba ne, amma a kwarin nan akwai iska mai ratsa ƙashi, shi kuwa yana kwance haƙoransa na haɗuwa. Na kwaso kayana na dawo wurinsu.

Da safe Zainabu ta shirya za ta kai wainarta Misfala, don ranar da ba ta fita ba, ba a ɗora tukunya. Ni kuwa ina duba inda iskar ke shigowa. Na ga ramuka takwas a jikin bangon, huɗu kusa da daɓe huɗu kusa da rufi, kowanne zai ci yatsa uku. Na yayyaga wani tsohon zane na fara cusawa.

"Ilu, yayanka ba ya toshe waɗannan," in ji ta. "Ya ce haka masu shi suka yi shi."

"Yayana direba ne, Zainabu. Ni ne makanike. Ke dai je ki ki sayar da wainarki, in kin dawo ki tarar da mijinki yana neman tuwo."

Ta yi ɗan murmushi, ta ɗauki tirenta ta tafi.

Suna da risho irin mai famfo, da shi suke girki, da shi suke ɗumama ɗaki. Na kunna shi ya kama shuɗi, yana gurnani yadda ya kamata. Na ajiye shi a gefen ƙafar Yaya na rufe ƙofa. Bayan ɗan lokaci na ji gurnanin ya tsaya. Na buɗe na tarar ya mutu, ɗakin na warin kananzir. Na fito da shi na soka allura a hancinsa, na ce datti ne. A waje ya kama lafiya lau. Na mayar ciki, na rufe, ya yi ja, ya yi hayaƙi, ya sake mutuwa. Na ce to ruwa ne a kananzir. Na juye shi, na tace da hulata, na sake zubawa. Haka dai. Karo na uku na kwance famfon, na yanki fata daga harshen takalmina na yi masa sabuwar fata, na shafa mai. A waje har tsalle wutar take yi. A ciki ba ta kai rabin awa ba.

Raina ya ɓaci. Na zagi rishon, na zagi wanda ya ƙera shi, na zagi kananzirin ƙasar. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya bambanta waje da ciki ba. Sai na ce bari in koma na gida. Mu ai in mutum na rawar ɗari, garwashi ake sa masa a kasko a rufe shi ya yi gumi, maijego ma a kan wuta take kwana. Abin da ban tuna ba, ɗakunanmu na ƙasa ne da jinka, ko ka rufe ƙofa iska na da hanyarta. Na je wurin wata Babarbariya a can gaba na aro kasko da gawayi, na hura, ban ko jira ya gama ja ba na shigar masa. Na ƙara masa bargona.

"Yaya, wannan ba ya mutuwa. Ka yi gumi, ni bari in ji da jak."

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi.

Saboda karkatar ɗakin ƙofar ba ta zama a rufe, da kanta take buɗewa. Sai na saƙala mata ƙugiya ta waje.

Na koma kan jak. Na jera duwatsu a ƙarƙashin kusurwar don su riƙe nauyin, na kwanto shi. Tsohon giris ya haɗu da rairayi ya cika haƙoransa ya daskare kamar siminti, ga ƙusar da ke riƙe hannun ta karye a ciki. Na jiƙa shi da kananzir, na yi ta sassaƙe dattin da tsinken ƙarfe, haƙori bayan haƙori. Duk wannan a gindin bangon da yake kwance nake yi, tsakanina da kansa katako ɗaya ne.

Can na ji muryarsa. "Ilu, kaina na sarawa."

"Zazzaɓin ne ke fita, Yaya. Daure."

Na ɗauki guduma na fara fitar da karyayyar ƙusar. Ta yi gardama, ni ma na yi. Ina cikin bugu na ji an ƙwanƙwasa bangon daga ciki, sau biyu, sannan sau ɗaya. Na ɗauka ƙarar gudumar ce ta dame shi. Na ce, "Yi haƙuri, saura kaɗan." Na rage ƙarfin bugun. Ban ƙara jin komai ba, har na ji daɗi, na ce barci ya samu.

Ana kiran azahar ƙusar ta fita. Na sa sabuwa, na shafe haƙoran da man inji, na mayar da jak ɗin wurinsa. Na murɗa da hannu ɗaya ɗakin ya miƙe tsaf. Na tsaya ina kallon aikina, har ina tsara yadda zan yi masa tsiya. Na cire ƙugiyar na buɗe ƙofa. Wani zafi mai nauyi ya bugi fuskata, na sa kai ciki jiri ya ɗebe ni. Yana kwance a ƙasa, ya sauko daga shimfiɗar, kansa na wajen ƙofa. Fuskarsa ta yi kyau kamar wanda ya warke. Na jawo shi waje, na zuba masa ruwa, na yi ta kiran sunansa, sunan da ban taɓa kira gatsal ba tun da aka haife ni. Ya riga ya tafi.

Babarbariyar ce ta aika aka kira Zainabu da Malam Bawa. Tsohon ya duba gawar, ya leƙa ɗakin, ya ga kaskon. Ya zagaya yana zare tsummokaran ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihunsa. Da mutane suka taru ya ce musu, "Masassara ta ɗauke shi." Sai da ya zo yi masa wanka ina zuba masa ruwa ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Risho ya mutu sau nawa?"

"Uku."

"Lafiyatai lau. Iska ya rasa. Wuta ma sai da numfashi, ɗana, ita ta riga ta gaya maka." Ya matse tsumman wankan. "Ka riƙe bakinka. In hukuma ta ji wani abu ba masassara ba, bincike za a yi, yarinyar ga kuwa ba ta da takarda."

A Harami aka yi masa salla bayan la'asar, tare da wasu gawawwaki huɗu da ban san ko na wace ƙasa ba ne. Malam Bawa ya san ƙofar da ake bi. Kabarin can ba a yi masa tudu irin namu, ba itace ba tukunya, dutse kawai ake ajiyewa irin na kowa. Da na koma bayan sati ban gane wanne ne nasa ba.

Washegarin jana'izar na tura motar ƙarƙashin ɗakin, na sauke shi a kanta, jak huɗu duk suka yi aiki ba gardama. Na kai Zainabu unguwar Hindawiyya, kusa da gidan wata 'yar uwar mahaifiyarta, inda za ta yi takaba. Na roƙe ta in ta gama ta bi ni gida. Ta ce, "Wa na sani a can?" Na ce ta yafe mini. Ba ta tambaye ni me na yi ba, ta ga ramukan a buɗe ta ga kaskon. Sai ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka gaida Inna." Ban sake ganin fuskarta ba.

Na yi aikin hajjina yadda ake yi, na tsaya Arfa, na yi jifa, na yi ɗawafi. Mutane na kuka suna roƙon gafara, ni ko hawaye ya ƙi zuwa. Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Motarmu ta lalace sau biyu a Cadi, ban sauko ba.

Labari ya riga ni isowa gida. Masu zuwa yi mini barka su ne masu ta'aziyya, kuma kowa magana ɗaya yake yi, wai Sale ya dace, mutuwa a Makka, salla a Harami, wa ya kai shi sa'a. Ina cewa haka ne. Da aka watse Inna ta sa aka kira ni. Ta laluba ta kama hannuna.

"Da ya zo?"

"Da ya zo, Inna. Ya ce bayan Arfa."

Ta gyaɗa kai. "Lokacin da abin ya zo, kana kusa da shi?"

"Ina kusa da shi."

"To alhamdu lillahi. Abin da nake tsoro ke nan, ya tafi ba nasa a kansa."

Inna tana nan da ranta, ba ta karatu, kuma ina roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa kada ya kai mata. Kullum da safe in na shiga gaishe ta sai ta dafa kaina ta ce Allah ya ba ni wanda zai tsaya a kaina kamar yadda na tsaya a kan yayana. Ni kuma in ce amin, don ba a barin addu'ar uwa ba amsa.